'Yar Sarki Jaruma: Littafin Da Na Ke So Mu Rubuta

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta bisa wani abu wanda waɗansu za su ga kamar bai isa a ɓata takarda dominsa ba, watau tatsuniya. Amma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma labarin da yaro ya karanta yana ɗan shekara 10 ya kan zauna masa a zuciya har ya yi furfura. Saboda haka abin da mu ke miƙa wa yara su karanta ba abin wasa ba ne.

Ga abin da ya dame ni. Duk wanda ya bincika littattafan hira da a ke ba yara zai tarar ba a rasa 'yar sarki a ciki, sai dai ba ta da aikin yi. Ko dodo ya sace ta, ko mayya ta sa ta barci, ko ubanta ya kulle ta a soro. Sa'an nan wani saurayi ya taso daga wata ƙasa, ya sha wuya, ya kashe abin da za a kashe. Gari na wayewa sarki ya tara fadawa, ya ba shi doki da riga da rabin gari, kana ya ba shi 'yarsa. Ku dubi inda aka sa ta, cikin jerin tukuici, bayan doki. Ni kuwa ina so in riƙa a hannuna littafi guda na Hausa, wanda yarinya 'yar aji 5 za ta iya karantawa ita kaɗai, wanda a cikinsa 'yar sarki ce da kanta ta ɗaura ɗamara ta fita neman abin da zai ceci mutanenta.

A Nguru aka haife ni, a unguwar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Tun da dogo ya iso daga Kano a 1930 garin ya zama matattarar baƙi, masu cinikin gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, kakannina kuwa suna cikin waɗanda aikin reluwe ya kawo. Shi ya sa na tashi kunnena ya saba da Hausa da Manganci da Badanci da Fulatanci tun ban san bambancinsu ba. Makaranta biyu na yi ina ƙarama. Da rana ina makarantar Mishan, da dare ina kan tabarmar kakata. A makarantar rana akwai wani ɗan kabad na littattafan Turanci masu hotuna, nan na fara gamuwa da Sindarela, da gimbiyar nan da ta yi barci shekara 100 har wani ɗan sarki ya zo ya tashe ta. Na ji daɗinsu, na kuma koyi Turanci da su, ba ni da abin cewa sai godiya ga waɗanda suka koya mini. Amma ko a lokacin nan abin ya kan ba ni mamaki, gama a gidanmu yarinyar da hantsi ya same ta tana barci ba ɗan sarki ke tashinta ba, muciya ce.

A makarantar dare kuwa labari dabam ne. Wadda na fi roƙon Kaka ta maimaita ita ce tatsuniyar Ruwan Bagaja. Ga yadda ta ke ba da ita. Wani mutum yana da mata biyu, Mowa da Bora, kowace da 'yarta. Wata rana aka wayi gari ƙirgin da yaran ke kwana a kai ya ɓaci, aka ɗora wa 'yar Bora laifi, aka ce ba inda za ta wanke shi sai a Ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san hanyarsa. Yarinya ta naɗe ƙirgi ta kama hanya ita kaɗai. Ta yi ta iske koguna, wannan na nama, wancan na zuma, kowanne ya ce ba shi ba ne, amma ta tsaya ta ci. Ga yunwa, ga gajiya, duk da haka ta ƙi, ta wuce, har ta kai inda aka aike ta. Daga baya ta faɗa wata bukka, ta tarar da cinyar mutum da kare suna zaune, cinya na gunaguni kare na fassarawa. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta yi dariya ba, ta gaishe su, ta yi aikin da suka sa ta. Da za ta tafi suka sallame ta da ƙwai, ta fasa shi inda aka ce ta fasa, sai ga dawaki da dukiya, ta komo gida ana yi mata kiɗa. 'Yar Mowa ta ce ita ma sai ta je, ta tafi da kwaɗayi da rashin kunya, ta komo da abin kunya.

To, ku lura. Yarinyar nan ba ta da takobi, ba ta da doki, ba kuwa wanda ya zo ya cece ta. Da ƙafarta ta tafi, da halinta ta komo.

Yanzu sai mu dubi abin da ya faru sa'ad da labari ya tashi daga baki ya koma takarda. A 1933 Dokta R. M. East na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa, daga cikinta aka sami littattafai 5 waɗanda duk mun sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Lokacin nan Imam yana malamin Makarantar Midil ta Katsina, shekarunsa 22, watau tsaranmu ne mu da ke wannan kwaleji yau. Ya ɗauki sunan ruwan nan na tatsuniya ya gina labarinsa a kai, amma mai tafiya neman ruwan ya zama namiji, Alhaji Imam, wanda ya fita don ya samo maganin da zai warkar da ɗan sarki. A bakin tsofaffi mata yarinya ce ke zuwa Ruwan Bagaja, a takarda kuwa sai ta ɓace.

Kada wani ya ce aibata Imam na ke yi. Wane ni! Shi ya nuna mana Hausa tana iya ɗaukar littafi, kuma Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, har gobe ba a yi kamarsa ba. Haka kuma ban manta da uwar Shaihu Umar ba, wadda ta ratsa Hamada tana neman ɗanta, ta sha bauta saboda shi. Sai dai marubutan nan duka maza ne, makarantun lokacin kuwa kusan duk na maza ne, don haka suka rubuta wa waɗanda ke gabansu. Ko akun nan na Magana Jari Ce, ɗan sarki ya ke ba labari. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, daga nan mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka shigo da ƙarfinsu, har ya zama yau mata masu rubuta littattafan Hausa ba su ƙidayuwa. Amma yawancin abin da su ke rubutawa na aure ne da kishi da zaman gida, na manya ke nan. Akwai kuma littattafan yaƙi da a ke sayarwa a kasuwa, waɗanda ba a rasa gimbiya mai takobi a ciki, sai dai biranensu na can wata duniya ne, sunayensu baƙi, jini kuwa ya yi yawa a ce a shiga da su aji. 'Yar shekara 10 tana nan tsaye a tsakiya, hannunta wofi.

Ba kuwa rashin abin faɗi ya kawo haka ba. Mu fara da wadda kowa ya sani, Amina ta Zazzau. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo labarinta cikin Infaƙul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Waɗansu masana kuma sun sa ta a ƙarni na 16, suka ce 'yar Bakwa Turunku ce. Har yanzu akwai tsofaffin garuruwa da a ke kiran ganuwarsu ganuwar Amina. An yi mata ɗan littafi a Zariya a 1954, an kuma yi fim ɗinta a 2021. Lalle ta isa a yi alfahari da ita. Amma malami ya kamata ya tuna, bayan babannin nan 40 akwai uwaye 40 da suka yi kuka. In jaruntaka ita ce cin garin wani kaɗai, to, abin da za mu koya wa yara ya yi kaɗan.

A nan gida ma muna da namu. Gabas da mu, kusa da Gaidam, ga kufan Birnin Gazargamu, inda sarakunan Barno suka zauna har aka ci birnin a 1808. A fadar Barno ta zamanin da uwar sarki, watau Magira, da uwargidan sarki, watau Gumsu, masu sarauta ne da ƙasa da talakawa, 'ya'yan sarki mata kuma a kan ce da su Mairam. Masu ba da labarin Barno sun ce wata mace, Aisa Kili, ta riƙe ƙasar shekara 7 kafin Mai Idris Alauma ya hau, kuma da sunanta a ke haɗa ginin jan bulo na Gambaru a bakin kogin Yobe. Nguru kanta a zamanin da mazaunin Galadiman Barno ce, mai tsaron yammacin ƙasar. A yamma kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa mata jajis ta ba su malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata waɗanda a ke kira 'yan taru. Ita kam 'yar'uwarmu ce a sana'a. A ƙasar Nijar kuma ga Sarauniya ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa a 1899 sa'ad da garuruwa da yawa suka watse. Wani marubucin Nijar, Abdoulaye Mamani, ya mai da labarinta littafi da Faransanci a 1980, aka yi fim da shi a 1986.

Duk da haka, wadda na ke so a rubuta ba ta cikin waɗannan. Wata yarinya ce ta nuna mini ita. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, ni aka kai ni wata makarantar firamare a Gashuwa, aka ba ni aji 5. Ran nan muna darasin tarihi, na ba su labarin Bayajida kamar yadda ya ke a littafi. Ya fito daga Bagadaza da rundunarsa, ya sauka a Barno, Mai ya ba shi 'yarsa aure. Daga baya Mai ya tsorata da shi, ya raba shi da mutanensa, ya yi shirin kashe shi. Waɗansu masu ba da labarin sun ce matar ce ta tona masa asirin. Suka gudu tare suka yi yamma, tana da ciki. Da suka iso Garun Gabas, a ƙasar Haɗejiya, ya bar ta nan, ta haifi ɗa wanda a ke kira Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya isa Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu wanda ke hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, ya auri Sarauniya Daurama. Na rubuta Hausa Bakwai a allo, na juyo na ce ko akwai mai tambaya.

Wata 'yar siririyar yarinya a bencin baya, wadda tun da na zo ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to, ita 'yar Mai ɗin, da ya tafi ya bar ta da ciki, wa ya ɗebo mata ruwa?"

Maza suka fashe da dariya. Na ce su yi shiru, gama tambayar ta fi darasin. Na ce mata, "'Yata, littafi ya bi mijin ya tafi Daura, bai waiwaye ta ba. Amma ku kun san ƙasar nan, kun san kogin nan. Kowa ya ɗauko takarda ya rubuta mini abin da ya ga ya same ta." Abin da aka kawo mini kashegari ya isa a yi littafi. Wata ta ce masunta Badawa ne suka tsince ta, suka koya mata hawan gora a kan ruwa. Wata ta ce ta yi abota da kada, shi ke haye da ita kogi. Wani yaro namiji ya ce da hannunta ta haƙa rijiya, shi ya sa gari ya kafu a wurin. Ita mai tambayar kuwa ta cika shafi 3, ita da a ke cewa ba ta iya rubutu ba.

Ku tsaya ku auna wannan mace. 'Yar sarki ce, ta bar gidan ubanta don kada a zub da jinin baƙo. Ta yi tafiya mai nisa da ciki. An bar ta a ƙasar da ba ta jin harshenta. Ta haihu, ta yi reno, ɗan nan kuwa har yau ana lissafa garinsa cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. Wanda ya kashe maciji dare ɗaya ya yi aikinsa, ita kuwa shekaru ta yi tana nata. Kuma duk wanda ya dubi taswira zai ga mai fitowa daga Barno zuwa ƙasar Haɗejiya, in yana son ruwa, bakin kogin Yobe zai bi, watau ta ƙasar Bade da ta Manga, ta ƙofar gidajenmu ke nan.

Ga yadda na ke ganin littafin. Bayan mijin ya wuce, gimbiya ta tarar mutanen wurin suna cikin wahala, gama wani dodon ruwa ya toshe hanyoyin kogi da ciyawar kacala. Inda a ke son ruwa ya bushe, inda ba a so ya yi ambaliya, jan-baki kuma ya sami maɓoya cikin kacalar yana cinye hatsi. Wannan ba sai an yi wa ɗan Nguru ko ɗan Gashuwa bayani ba, gama kacala ta daɗe tana cin fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. Masunta na zargin manoma, manoma na zargin makiyaya, kowa na wasa wuƙa, ba su sani ba dodon nan da faɗansu ya ke ƙiba. Sai gimbiya ta goya ɗanta, ta hau gora, ta shiga neman inda dodo ya ke. Masu taimakonta su ne tsuntsayen nan da ke zuwa daga Turai da sanyi suna sauka a tafkin Dagona, gama su baƙi ne kamarta, kuma daga sama suna ganin duk inda ruwa ya tsaya. A hanya ta koyi Badanci wurin masunta, ta koyi Fulatanci a ruga, ta koyi Hausa wurin fatake, ga Barbarcinta na gida. Ranar da ta tsaya a tsakiyar mutane ta faɗa wa kowa da harshensa abin da ɗan'uwansa ke nufi, ranar dodo ya fara ramewa. Ranar da suka shiga ruwa tare da lauje, ranar ya mutu.

Wanda zai rubuta shi, ni ko waninku, ina ba shi shawara 5. Ta fari, a bar gimbiyar ta ji tsoro. Yaro ba ya koyon kome daga wanda ba ya tsoro, gama shi yana ji. A nuna gabanta na faɗuwa, kana ta taka. Ta biyu, kada a mai da ita namiji mai ɗaure da zane. Ta yi daka, ta yi goyo, ta yi kuka in ya kama, kada kuma a wulakanta maza don a ɗaukaka ta. Ta uku, a raba tarihi da ƙage. A ƙarshen littafi a sa shafi guda a ce wa yara, Garun Gabas gari ne na gaske, kuna iya zuwa, kogin Yobe da Dagona ma haka, amma dodo da tsuntsu mai magana namu ne. Ta huɗu, Hausar ta zama mai sauƙi, babi gajere wanda za a gama cikin darasi guda, hotuna kuma su zama na kayanmu, gora da koma da giginya da raƙumi. Ta biyar, a sa abin dariya da abin faɗuwar gaba yadda yara maza ma za su yi rububinsa, domin yaron da ya taɓa bin wata yarinya a zuciyarsa har shafi na ƙarshe, da wuya ya girma ya ce karatun mace banza ne.

Na san akwai masu ja. Da na koma hutu na yi wannan zance da wani dattijo maƙwabcinmu, mutum mai hankali wanda ya sa 'ya'yansa mata duka a makaranta. Ya ce, "'Yata, abu biyu na ke tsoro. Tatsuniya ƙarya ce, ku kuwa an aike ku ku koyar da gaskiya. Kuma in kun cika wa yara mata kai da labarin wadda ta bar gidan ubanta, gobe wa zai iya da su?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, abin tsoro ne. Amma mai tatsuniya ba ya ruɗin kowa, gama da bakinsa ya kan faɗa a ƙarshe cewa shiri ne ya yi. Yaro ya san kare ba ya fassara, abin da ya ke ɗauka shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Game da taurin kai kuwa, a duk tatsuniyoyin da Kaka ta ba mu ba wadda ta kai 'yar Bora ladabi, ba kuma wadda ta kai ta ƙarfin zuciya. Jaruntaka da ladabi ba kishiyoyi ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Mai rashin kunyar ai ita ce ta komo da kunya." Ya yi murmushi ya ce in an buga littafin in kawo masa ya fara dubawa kafin jikokinsa. Na ce na yarda, gama haka ya kamata.

Akwai wani dalili kuma wanda ya fi waɗannan nauyi, ba na kuwa so in daɗe a kansa. Dukanmu mun san abin da ya faru a Dapci, nan kudu da Gashuwa, ran 19 ga Fabrairu 2018, sa'ad da aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantarsu. Bayan wata guda aka komo da mafi yawansu, waɗansu kuwa ba su komo ba. Duk da haka, a garuruwanmu da ƙauyukanmu yara mata ba su fasa ɗaukar jaka da safe ba, uwaye kuma ba su fasa rakiyarsu da addu'a ba. Yaran nan ba sai mun koya musu ƙarfin zuciya ba, suna da shi. Abin da ba su da shi shi ne littafin da zai ce musu an gani, kuma tun zamanin kakanni akwai irinsu. Yarinyar da ta ga mai kama da ita a takarda ta kan so karatu, wadda ta so karatu kuwa ba a raba ta da makaranta da sauƙi.

Waɗansu sun riga mu yin irin wannan aiki. A Jamus wasu 'yan'uwa biyu, su Grimm, suka tattara tatsuniyoyin ƙasarsu suka buga a 1812, ga shi yau har a Nguru ana karanta su. A 1854 wani Bajamushe ɗan Mishan, Koelle, ya buga tatsuniyoyin Barebari da ya rubuta a Saliyo daga bakin Ali Eisami, mutumin Barno wanda bauta ta kai shi can. Frank Edgar ya buga na Hausa littafi 3 tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fara fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a 1971 domin makarantu. A 2018 wata 'yar asalin ƙasar Yarbawa da ke Amurka, Tomi Adeyemi, ta gina littafin matasa bisa al'adun kakanninta, da gimbiyar da ta gudu daga fadar ubanta a ciki, duniya ta yi ta saye. Tun 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin mata masu rubutu. Ashe ƙofa a buɗe ta ke. Abin da ke ƙurewa shi ne lokaci, gama tsofaffin da ke riƙe da labarun nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuwa da dare waya ce a hannunsu.

Saboda haka ga roƙona. Hutun nan mai zuwa, kowane ɗayanmu, mace da namiji, ya sami wata tsohuwa a gidansu ko a unguwarsu, ya kai mata goro, ya roƙe ta tatsuniya guda wadda yarinya ce ke tafiyar. Ya rubuta ta da harshen da aka ba shi, ko Badanci ne, ko Manganci, ko Fulatanci, ko Hausa, ya sa fassarar Hausa a gefe, ya rubuta garin da ya samo ta. In mun komo mu tara wa Edita. In mutum 30 suka cika alkawari, mun sami tatsuniya 30, da su za mu san irin duwatsun da za mu yi gini. Sa'an nan masu hannun zane su zana, masu kaifin alƙalami su rubuta, mu gwada babi babi a azuzuwan da za a tura mu, yara su faɗa mana inda ya yi daɗi da inda suka yi hamma. Da yayyafi kogi kan cika. Imam yana malamin makaranta ɗan shekara 22 ya yi nasa, ba shi da kwamfuta, ba shi da wanda ya riga shi. Mu muna da shi a gabanmu, muna da kakanninmu a bayanmu, ga kuma yara suna jira.

Allah ya ba mu ikon cikawa, amin. Wasalam.